Sabuwar mota, tsakuwar hanyar Madina, da ledar da ake cewa himaya

Ranar da ɗan yayata ya karɓo motarsa daga wakala, wato kamfanin dillancin motar, a Jidda, wurina ya fara biyowa kafin ya wuce Makka ya nuna wa mahaifiyarsa. Toyota GR Supra ce ja, hancinta ƙasa-ƙasa kamar za ta shinshini kwalta. Ya daɗe yana tara kuɗinta, ragowar kuma kashi-kashi zai biya. Bayan mun yi addu'a Allah ya sanya alheri ya tsare, sai ya zaro takarda daga aljihu mai ɗauke da farashi uku: na rufe gaban motar da leda, na rufe jikinta gaba ɗaya, da na abin da ake kira nano seramik. Ya ce, "Kawu, wanne zan yi? Duk wanda na tambaya sai ya faɗa mini wani abu daban."

Amsar da na ba shi a tsaye gajeruwa ce, amma dalilanta suna da tsawo. Na kuma lura yaranmu da yawa a Jidda da Riyad suna zuba kuɗi a wannan harka alhali ba su san abin da suke saya ba, abin yana damuna, shi ya sa na zauna in warware ta dalla-dalla.

Sai an san fentin kansa kafin a san abin da ake karewa. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta hawa-hawa ne. Akwai na can ƙasa mai hana tsatsa, da na shimfiɗa, da mai launi, sannan a saman su duka a fesa wani garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba da ƙyalli. In aka haɗa su baki ɗaya, kaurinsu a yawancin motoci yakan tsaya tsakanin mikron 100 zuwa 150. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, farar takardar ofis kuwa kaurinta kusan mikron 100 ne. Wato duk kyan nan da ya hana yaro barci bai wuce kaurin takarda ɗaya da rabi ba. Hawan sama mai ƙyallin ma da ƙyar yake kai rabin takarda. Duk sanda aka sa injin gogewa don a ɓatar da karce, daga wannan ɗan hawan ake kankarewa, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Ita ledar, wadda a nan ake ce wa himaya, allunan shaguna kuma suke rubuta PPF, roba ce mai laushi da ake yi da sinadarin foliyuretan. Garai take kamar ruwa, da gam a bayanta. Wadda aka fi sawa kaurinta kusan mikron 200 ne, ta ɗara fentin duka. Asalinta ma ba don mota aka yi ta ba. Lokacin yaƙin Biyetnam ne sojojin Amurka suka nemi abin da zai kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tarkace, kamfanin 3M ya ƙera musu. Daga nan ta shiga motocin tsere, kafin ta iso motocin gida. Wannan asalin shi ke faɗa maka aikinta: abu mai tahowa da gudu ya buge ta maimakon ya bugi abin da ke ƙarƙashinta. Tsakuwa in ta sami fenti tsirara ɓantare shi take yi, don yana da tauri, ba ya lotsawa. In leda ta samu, sai ledar ta lotsa ta shanye bugun.

Mu kuwa ba ma rasa tsakuwa. Wanda ya saba bin Ɗariƙul Hijra daga Makka zuwa Madina, tafiyar sama da kilomita 400, ya san ƙarar nan, tas, in ya zo wuce tirela ko tifar yashi. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa kilomita 140 a awa a wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Makka zuwa Madina da ta Riyad zuwa Ɗa'if. Ƙarfin bugu kuma ya fi gudu saurin hawa, domin gudun ake ninkawa a kansa: tsakuwar da ka tarar kana kan 140 tana dukan motar da ƙarfin da ya kusa ninki biyu na wanda ke kan 100. Ga iskar rairayi. In guguwar ƙura ta kama ka a fili ka ci gaba da taka mai, motar tana shan abin da ƙarfe ke sha a wurin masu kankare tsatsa da feshin yashi. Rairayin sahara galibinsa kwaz ne, farin dutsen nan da ke iya karce gilashi. Ka dubi fitilun motocin da ke zirga-zirga tsakanin Riyad da Dammam, za ka ga sun dushe kamar an shafa musu toka.

Motar tsere ta fi kowace shan wannan duka. Mai Land Cruiser yana sama, yawancin abin da tayar tirela ta watso a ƙasan bamba yake ƙarewa. Mai Supra ko Mustang ko Porsche kuwa, bonet ɗinsa yana daidai inda tsakuwar ke tashi. Sannan motar tana jifan kanta. Tayoyinta masu faɗi ne, robarsu mai laushi ce don ta kama kwalta, in ta ɗau zafi sai ta riƙa tsince tsakuwa tana watsawa baya. Ƙugun motar kuma, wato kumburin nan da ke gaban tayar baya, ya fito waje ya tare hanya. Shi ya sa in ka dubi Porsche 911 da kyau za ka ga ɗan yankin leda manne a daidai wurin tun daga masana'anta. Masu ƙera ta sun san inda ruwa ke zuba.

Akwai abokin gaba na biyu da ba ya ƙara, kuma a ganina ya fi tsakuwa cin fentin motocin cikin gari. Wanki ne. Yawancinmu da mai wanki na layi muke hulɗa, da dama daga cikinsu ma 'yan'uwanmu ne masu neman halaliyarsu, ba na ganin laifinsu. Amma ka tsaya ka kalli aikin da asuba. Bokiti ɗaya, tsumma ɗaya, mota goma a jere. Ƙurar dare ta kwanta a kan bonet, a ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma a murza a zagaye. Kowane ƙwayar ƙura ta zama ɗan ƙaramin haƙorin zarto. Bayan wata uku, ka tsayar da baƙar mota ko ja a ƙarƙashin fitilar gidan mai da dare, za ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo sun zagaye hasken. A nan ledar zamani take da wata baiwa. Saman ta akwai hawa mai komawa yadda yake in ya ji zafi, don haka ƙananan karce suna rufewa da kansu. A ƙasashen sanyi sai an zuba ruwan zafi. Mu ranar azahar ta ishe mu. Sai dai karcen da ya tsaya a sama ne kaɗai ke warkewa, wanda ya yanka ledar ya yanka ke nan.

Kashin tattabaru ma, ga mai ajiye mota a Makka ko Madina, ba abin rainawa ba ne. In ya bushe a kan bonet mai zafi yakan ci fenti ya bar tabo. Haka ɗigon ruwan tanka in ya bushe a rana ya bar gishirinsa. Leda tana karɓar wannan a madadin fenti, amma ita ma tana tabo in aka bar shi ya kwana biyu.

To me ya sa za a damu da 'yan ɓantare-ɓantare a mota? Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Amsar tana kasuwa. Ka buɗe Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka karanta tallan motoci, kusan kowane mai sayarwa zai fara da halin fenti: bodi wakala, wato fentin masana'anta ne, ko kuma marshush, wato an fesa. Mai saye zai kai motar fahas, wato wurin binciken lafiyar mota, a bi ta fanel-fanel da ɗan na'urar auna kauri. Inda lamba ta yi tsalle, an san an taɓa fenti, daga nan ciniki ya canza, ko da ba hatsari aka yi ba. Fesa bamba dillalai ba su cika ɗaga kai a kansa ba. Fesa bonet ko rafraf, wato fanel ɗin da ke saman tayar gaba, shi ne ke jawo tambaya: me ya same ta a gaba? Ga motar tsere kuma mai saye dama da zargin an wahalar da ita yake zuwa. Abin da ledar ke tsare maka ke nan, damar ka ce fentin masana'anta ne kuma na'ura ta gaskata ka.

Akwai wata 'yar matsala a nan da masu shago ba su cika ambata ba. Ledar da kanta tana ƙara wa na'urar lamba, kuma an san wasu suna fesa mota su rufe da leda don ɓoye aibi. Saboda haka mai saye mai wayo yakan yi shakkar mota mai leda. Maganinsa, kafin a manna, ka sa a auna kowane fanel a gabanka, ka ɗauki hoton lambobin da na motar, ka adana tare da rasit.

Yanzu ga abin da na ce wa yaron. Gaba cikakke: bamba, bonet duka, rafraf biyu duka, madubai, fitilu. A ƙara ƙugun baya, da dogarin ƙasan ƙofa, da lungun marikin ƙofa inda farce ke karta. Nan ne kusan duk tsakuwa ke sauka. Na hana shi abin da ake kira rubu'i ko rabin bonet, duk da ya fi araha. Bakin leda yana riƙe ƙura, a ƙasa irin tamu kuma ba a daɗewa sai ka ga baƙin layi ya ratsa tsakiyar bonet, ba ya fita da wanki. Naɗin ledar yakan zo da faɗin santimita 152, ya isa ya rufe bonet ɗin yawancin motoci da falle ɗaya, a naɗe bakin ta ciki inda ido ba ya gani.

Rufe jiki duka yakan ninka kuɗin gaba, wani lokaci har fiye da sau biyu, alhali rufin mota da but da saman ƙofofi ba su cika ganin tsakuwa ba. Akwai waɗanda ya dace da su. Mai fenti marar ƙyalli, wanda ake cewa maɗfi, kusan dole ne a gare shi, domin irin wannan fenti ba a goge shi da inji, karce ɗaya sai an sake fesa fanel ɗin duka, daidaita launinsa kuma aiki ne. Haka mai motar da ba ta da yawa a ƙasa, ko wanda motarsa ke kwana a lungu irin na Shara Mansur, inda yara ke buga ƙwallo, masu kura suna gogar madubi. Wanda kuwa motarsa ke kwana a gareji, daga gida sai ofis sai Kornish, titin bakin teku, da yamma, kuma zai sayar cikin shekara biyu, ko gaban ma yana iya tsayawa ya yi lissafi. Ya tambayi kuɗin ledar, ya tambayi kuɗin fesa bamba a wuri mai kyau, ya kwatanta. Wanda sai ya ci bashi zai sa leda, ni dai ban ba shi shawara ba.

Nano seramik wani abu ne daban, kuma a nan aka fi ruɗar mutane. Ruwa ne da ake shafawa ya bushe ya zama siririn hawa mai santsi, kaurinsa mikron ɗaya ko biyu. Yana sa ruwa ya gangare, ƙura ta rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, ƙyalli ya ƙaru. Tsakuwa kuwa ba ta san da zamansa ba. Mikron 2 da mikron 200 ba sa shiga ma'auni ɗaya. Duk mai shagon da ya ce maka seramik zai hana ɓantarewa, ka ɗauki makullinka ka fita. Wurinsa shi ne sassan da ba a rufe ba, ko kuma saman ledar.

Abin da na fi jan kunnensa a kai shi ne hannun da zai yi aikin, saboda ni na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na kai farar Camry ɗina wani shago a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, don farashinsa bai kai rabin na sauran ba. Ranar da na karɓa tana sheƙi. Bazara biyu kacal, gaban motar ya koma kalar ruwan shayi, bayanta fari tas, kamar an haɗa motoci biyu. A ta uku ledar ta tsattsage kamar ƙasan fadama da rani. Da na kai a cire, kwana biyu wani bawan Allah ya yi a kanta da injin tururi, yana ɓanɓarowa guntu-guntu kamar farce, gam ɗin ya daskare ya zama ɓawo. Da aka gama sai ga abin da ya fi ɓata mini rai: siririn layi miƙe a gefen bonet da kewayen tambari, inda mai aikin farko ya yanka ledar da reza a kan motar, ya zarce cikin fenti. A wuri biyu tsatsa ta riga ta kama, danshin Jidda da gishirin teku ba sa jira. Araha ba ta ado.

Dalilin rawayar nan yana cikin sinadari. Leda mai kyau ana yin ta da nau'in foliyuretan da ake kira alifatik, wanda ke jure hasken rana. Mai araha kuwa ko dai nau'in aromatik ce, ko kuma an haɗa ta da PVC, robar bututun ruwa, waɗanda rana ke dafawa. A ranar farko ido ba ya bambance su. A garin da aka taɓa auna zafin digiri 52, kamar yadda aka yi a Jidda a watan Yunin 2010, bambancin ba ya daɗewa a ɓoye. Sunayen da aka sani a harkar su ne irin XPEL, 3M, SunTek, LLumar da STEK, kuma manyan ledojinsu sukan zo da garanti mai tsawo, na XPEL Ultimate Plus shekara 10 ne. Ka karanta abin da garantin ya ƙunsa. Rawaya, tsagewa, kumbura da ɓallewa yake ɗauka, ba ya biyan abin da tsakuwa ko hatsari ya yi. Tunda akwai jabu, ka ce a nuna maka kwalin naɗin da lambarsa, a kuma yi wa garantin rajista da lambar shasin motarka.

Ko da ledar ta gaske ce, mugun hannu zai lalata ta, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shago na kirki ɗaki ne rufaffe mai na'urar sanyaya iska da fitilu ta ko'ina, ƙasansa a share, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ƙarƙashin leda ta zauna ke nan. Yana da injin yanka da ke fitar da zanen kowane fanel daga kwamfuta, don reza ta rage kusantar fenti. Kafin a manna sai an wanke motar an tsane ta, an cire duk abin da ya maƙale, domin sabuwar mota ma ta sha jirgin ruwa, ta kwana a filin tashar Jidda ko ta Dammam cikin rana da ƙura. Kada ka yarda da hoton motar da aka gama jiya. Ka ce a nuna maka wadda ta shekara da aikinsu, ka tsuguna ka dubi bakin bamba da kewayen na'urorin fakin, nan ne aiki ke tona kansa. 'Yan ƙurajen ruwa a kwanakin farko ba komai ba ne, suna bushewa. Ka ba ta kamar mako kafin wanki, ka kuma hana mai wanki kafa bakin injin feshi a gefen ledar.

Lokaci ma yana da muhimmanci, ba a fafe gora ranar tafiya. A sa kafin doguwar tafiya ta farko, don ɓantarewar da aka rufe da leda tana nan ana ganinta kullum. Fanel ɗin da aka sake fesawa kuwa sai an bar shi ya bushe sosai, wata guda ko fiye, yadda mai fenti ya ce. In ba haka ba, ranar cirewa ledar za ta taho da fentin.

Sai 'yan batutuwan takarda. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da dariba, wato harajin kayan saye, wadda take kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Launin mota yana rubuce a istimara, takardar rajistar mota, don haka leda mai launi da za ta canza kamannin motar sai da izinin Murur, hukumar 'yan sandan hanya. Mai inshorar shamil kuma, wato cikakkiyar inshora, ya sanar da kamfaninsa cewa ya sa leda, ya ji ko za su shigar da ita, tun kafin ranar da za a kira Najm, masu zuwa duba hatsari.

Ledar ba ta hana lotsawa in an buga maka ƙofa a fakin, ba ta tare makullin mai mugunta in ya danna, ba ta kuma sanyaya cikin mota, wannan aikin ledar gilashi ne. Tana da wa'adi kamar taya. Motar da ke kwana a inuwa za ta kai ta nesa, wadda ke wuni a rana kullum kuwa sai a riƙa dubawa. Da zarar ta fara dushewa ko bakinta ya fara tauri, a cire tun tana fita falle guda, kuma kuɗin cirewar nan yana cikin lissafin tun farko.

Yaron ya bi shawarar. Ya rufe gaba da ƙugu da dogarin ƙofa, ya shafa seramik a sauran, ragowar kuɗin ya ajiye don taya, wadda a irin motarsa ba ta da araha kuma ba ta daɗewa. Bayan wata biyu ya kai mahaifiyarsa ziyara Madina, da ya dawo ya kira ni waje. "Kawu, zo ka gani." Muka tsuguna a gaban motar. A ƙasan fitilar dama akwai wani ɗan rami a ledar kamar ƙwayar gero, inda tsakuwa ta huda saman ta. Na sa farce na taɓa, na haska fitilar waya, jan fentin yana nan lafiya a ƙasa. A gilashin gaba kuwa, wajen hannun direba, wata ta bar ɗan tauraro. Na ce masa ya kai a cike shi da safe, kafin zafin rana da sanyin na'ura su ja tsagar ta ratsa gilashin.